Yadda Ta Kona Ta Bi Sawun Ruwa a Rediyo

Shekara tara na yi ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ta Gidan Amani, wani ƙauye a ƙasar Sarkin Hausa, tafiyar hantsi guda a amalanke daga Mayahi. Na koya wa yara da dama karatu a can, wasu sun zama mutane, wasu kuma Allah ya shirye su. Amma darasin da ya fi zama mini a kai ni aka koya wa shi, kuma wadda ta koya mini ko harafi ɗaya na boko ba ta sani ba.

Sunanta Saudatu, sai dai ba mai kiran ta haka. Ta Kona ake ce mata, don daga Kona ta ƙasar Tasawa aka kawo ta aure tun zamanin Nasara. Saƙar tabarma ce sana'arta. Gajera ce mai faɗin kafaɗa, yatsunta kullum jajaye da rinin kaba. Ba ta da yawan dariya, kuma in ta yi maka tambaya ba ta ɗauke ido daga kanka sai ka ba ta amsa. Mijinta ya rasu a farin saba'in da uku, shekara guda kafin soja su karɓi mulki. Ya bar mata ɗa ɗaya, Isufu, da gona a gefen tudu, da tulun iri. Hatsi ne ɗan gari mai saurin nuna, wanda shi ma gadonsa ya yi. Kowace kaka sai ta zaɓi zangarniyoyin da suka fi cika, ta sussuka su daban, ta gauraya da toka, ta cika tulun ta liƙe bakinsa da laka.

Rediyon kuwa Isufu ya kawo shi daga cin rani a Kano. Ƙato ne, mai baki biyu hagu da dama, da wurin sa kaset, yana cin pil, wato batir, har takwas a zama ɗaya. Isufu ya sake komawa kudu, daga baya aka rufe iyakar Najeriya yana can, ya maƙale. Sai aka bar Ta Kona da matarsa Asma'u, da jikoki uku, da wannan ƙaton akwati da ba wanda ya san kansa a gidan.

Wata rana ta aiko a kira ni. A lokacin ni ne mai ilimin garin, ko kuwa haka nake ji da kaina. Mushe ake ce mini, kamar yadda ake kiran kowane malamin lakwal. Na zauna na buɗe mata karatu: ga gajeren zango, ga matsakaici, ga lambar Yamai, ga ta Kaduna, ga ta Kano, ga ta Turawa masu Hausa. Ta bar ni na gama tsaf, sannan ta ce:

"Mushe, ni ban tambaye ka sunan gidan kowa ba. In ina son wa'azi, ina ni ka tsaida allura? In ina son kiɗi, ina?"

Na ce mata ba haka rediyo yake ba. Kowace tasha tana da komai, kowane shiri da lokacinsa, sai an san lamba an kuma san ƙarfe nawa.

Ta ce, "To, tahi abinka. Na gode."

Na fita ina jin haushi, don ba a saba sallamar mushe haka ba.

Bayan kamar wata guda na biyo ta ƙofar gidan, na ji kiɗan garaya, na leƙa. Abin da na gani a gilashin rediyon ya sa na tuntsire da dariya. Ta yanka kaba ƙanana-ƙanana, ta liƙa su da ƙaro a bakin gilashin da allura ke yawo. Ja na labarai ne. Baƙi na karatu da wa'azi. Kore na kiɗa. Farar kaba wadda ba a rina ba, ta masu gaishe-gaishe ce. Waɗanda ke saman gilashi na safe ne, na ƙasa na yamma, don ta lura akwai muryoyin da ke canza mazauni in rana ta juya. Wani wurin za ka ga launi uku a jere, alamar tasha ɗaya ce mai shiri uku. Agogonta kuwa inuwar rumbu.

Na ce, "Inna, kin mai da rediyo tabarma."

Ta ce, "Mi ka ke son ji?"

Na ce labarai. Ta dubi inuwa, ta murɗa sau ɗaya, sai ga mai labarai yana sallama. Ni da lambobina sai na yi ta lalube cikin shuuu kafin in samu. Ban faɗa mata haka ba, na dai ce ba laifi.

Daga nan matan unguwa suka mai da tsakar gidanta wurin saƙa. Bayan la'asar sai su zo da kabarsu, su goma sha ɗaya, ta kunna musu farar kaba. Maza suna raina wannan shirin, suna cewa surutun mata ne: wane yana gaida wance, wance tana gaida mai sunan wane. Su jar kaba suke so. To amma labaran wancan zamani, wanda ya rayu a cikinsa ya sani, taro ne da rangadi da jawabi. Ta Kona ta taɓa ce mini, "Ja ba ya faɗin ruwa sai in wani babba ya tahi ya tsaya cikinshi."

A cikin surutun matan nan ta tsinci abin da mu duka muka tsallake. Bahaushe ba ya gaisuwa da bazara bai ambaci ruwa ba. Mutum zai ce yana gaida yayansa a wuri kaza, a faɗa masa sun samu ruwa ran Talata, sun yi shuka. Wani ya ce a gaida gyatumarsa, su dai har yanzu suna duban gabas. Ita kuwa ta san jerin garuruwan daga bakin fataken kaba da hanyar da ɗanta ke bi: Zariya, Funtuwa, Malumfashi, Katsina da Daura, sai a tsallako Gazawa, Tasawa, Kona, sannan mu. Ta lura damina hawa take yi gari bayan gari, kamar mai tallar da ba ta tsallake ƙofa. Ta kuma raba masu gaisuwar gida biyu. Akwai na wasiƙa, waɗanda labarinsu ya kwana goma sha kafin a karanta. Akwai waɗanda ake ɗaukar muryarsu a kasuwa, labarinsu bai wuce kwana biyu ko uku ba. Farar kabar waɗannan ta yi mata tsaga a kai, don da su ta fi yarda.

Sai tamanin da huɗu ta zo. Ba na son dogon bayani a kan shekarar nan, har yau in na tuna ta abinci ba ya mini daɗi. Sau uku garin ya yi shuka, sau uku rana ta ƙone ta. Dabbobi suka zube a bakin rijiya. Mutane suka koma jiƙa anza kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita a samu abin kaiwa baki. Da motar taimako ta zo, jar dawa ta kawo, ta ci ce, ba ta shuka ba. Ta Kona ma ta bi gari ta yi asara a shukar nan uku, abin da ya rage mata rabin tulu ne. Duk tsawon ranin nan jikokinta suna ramewa a gabanta, tulun yana ƙuryar ɗaki, ba ta fasa lakar ba. Na san abin ya ci mata rai, don na taɓa samun ta ta juya wa yaran baya tana saƙa hawaye na zuba a kan kabar.

Saboda haka da bazarar tamanin da biyar ta shigo, kowane gida irin shuka ɗaya gare shi. In ya tafi, ya tafi ke nan, ba inda za a samo wani.

A tsakiyar watan Mayu, wata Laraba da azahar, hadari ya taso ya zubar da ruwa mai kyau. Garin ya rikice da guɗa. Al'adar wurin ita ce, in an yi ruwan farko, mai gida ya je gona ya tona ƙasa da hannu. In laima ta wuce taƙi, ruwan shuka ne, ya ba da umurni, ba mai musu. Mai gidan su Ta Kona shi ne Ishaƙu, ƙanen mijinta, dattijo mai furfura da saurin fushi. Ita kaɗai ke kiran sa Auta, don tun yana yawo ba wando ta shigo gidan, ita ta riƙa dama masa fura. Ya tona, laima ta wuce taƙi har da ɗori. Ni ma ina da gwangwanin awon ruwa a filin lakwal, na duba na ga milimita ashirin da biyu, na bi gari ina shela kamar ni na yi ruwan.

Da safe Ishaƙu ya shigo ɗaukar tulu, ya tarar ta fito da shi tsakar gida ta ɗora faifai a kai ta zauna daram.

Ya ce, "Ta Kona, tashi. Ƙasa ta jiƙa."

Ta ce, "Auta, ruwan ga baƙo ne, ba shi da ƴan'uwa bayanshi. Funtuwa sun yi shuka, Malumfashi sun yi. Katsina shiru. Daura shiru. Gazawa jiya wani yana gaida ɗiyarshi, ya ce ko ɗigo ba su gani ba. Ruwan da ya tsallake gari ukku ya zo nan, wucewa shi ke yi."

Ya ce, "Ruwa ya sauka ƙohwar ɗakinki, ke kina tambayar Katsinawa ko an yi ruwa? Ubana da hannu shi ke tonawa, kakana da hannu!"

Ta ce, "Bara ma da hannu munka tona, har sau ukku."

Nan ya aika aka kira ni in yi shaida. Ina jin kunyar abin da na faɗa, amma zan faɗe shi. Na gyara murya na ce kimiyya ba ta san gaishe-gaishe ba, milimita ashirin da biyu ruwan shuka ne ko a littafi. Ta dube ni da idon nan nata, ta ce, "Littahin ya ce yaushe na biyu ka zuwa?" Na shiga gyara hula.

Ishaƙu ya yi faɗa har muryarsa ta dushe. Ya ce za ta kashe jikokin wansa da taurin kai. Ɗaga ta dai ba zai iya ba, matar wansa ce, ta kuma girme shi. Ya fita ya shuka ɗan irin da ke hannunsa, garin duka ya fita tare da shi. Gonar Ta Kona kaɗai ta rage fara fat a gefen tudu.

Kwana huɗu hatsi ya tsiro. Wanda bai ga yunwa ba ba zai gane yadda koren nan ya yi mana kyau ba. Mutane suka riƙa wucewa ta ƙofarta suna tambaya ko Katsinawa sun ba ta izini. Asma'u ta daina fita rijiya sai da rana tsaka, lokacin da ba kowa. Wata yamma na shiga na samu Ta Kona ita kaɗai gaban rediyon. Ba ta yi mini ɓoyo ba. Ta ce, "Mushe, tsoro ni ke ji. In wanga ruwa shi kaɗai ne rabonmu bana, ni na hana ɗiyan ga." Amma ba ta taɓa tulun ba.

Kwana goma ba ruwa. Kwana goma sha biyar, tsiron ya fara naɗe ganye tun hantsi. A kwana na ashirin da uku iska ta taso da rairayi ta binne abin da ya rage. Na bi gonakin da ƙafata, ban ga kore ko na rantsuwa ba. Ba wanda ya ƙara yi mata ba'a, ba kuma wanda ya zo ya ce ta yi gaskiya. Garin ya yi tsit, maza suna zaune gindin gawo ba mai duban wani. Ita ma ba ta yi murna ba, da wa za ta yi?

Ga shi pil sun fara mutuwa. Kullum sai ta shanya su a rana a kan faifai don su ɗan farfaɗo. Ta bar kiɗa, ta bar labarai, har wa'azin da take so ta haƙura da shi, ba ta kunna komai sai farar kaba mai tsaga, shi ma na ɗan lokaci. Na kwance pil ɗin tocilata da na rediyona na kai mata. Ta matsa mini gefen tabarma. Daga ranar na zama na goma sha biyu a cikin masu sauraron surutun mata.

A makon ƙarshe na Yuni wani mai sayar da barkono ya gaida surukinsa daga kasuwar Katsina, ya ce sun kwana biyu suna shuka. Bayan kwana uku sai Daura. Ta Kona ta fara saƙa da sauri. Sai Gazawa. Ran wata Talata da yamma, muryar rediyon ta yi ƙasa har sai mun kara kunne, muka ji wani tsoho daga kasuwar Tasawa yana cewa shi mutumin Kona ne, yana gaida ɗansa da ke aikin soja, a faɗa masa ruwa ya yi musu sau biyu cikin kwana huɗu.

Ta kashe rediyon ta ce wa Asma'u, "Tahi ki faɗa musu su shirya."

Na ɗauka maza take nufi. Na ce a raina, su shirya da me?

Ran Alhamis da la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Wannan karon ba a yi guɗa ba. Da gari ya waye ƙasa ta jiƙa har gwiwar hannu, maza kuwa suna gindin gawo, ba wanda ya ko ɗauko sungumi. Ishaƙu yana cikinsu ya haɗa kai da gwiwa. Ruwan da aka yi shekara biyu ana roƙo ya zo, ba abin da za a sa masa.

Sai ga Ta Kona ta ɓullo da tulu a ka, Asma'u na biye. Bayansu Zara'u matar liman da ƙwarya rufe da faifai. Bayanta Halimatu da ƙullin zane. Ɗaya bayan ɗaya, matan saƙar nan, har su goma sha ɗaya, kowace da abin da ta ɗauko, suka jera a gaban mazan suka buɗe. Iri ne.

Liman ya miƙe tsaye ya ce, "Zara'u, wannan daga ina?"

Ta ce, "Naka ne, Malam."

Ga yadda abin ya faru. A shuka, namiji ne ke gaba da sungumi yana sara rami, mace na biye tana zuba iri tana rufewa da ƙafa. Mai sara ba ya waiwaye, tun da aka fara noma a ƙasar nan ba a taɓa jin ya waiwaya ba. Ran shukar Mayu matan nan ba su iya yi wa mazansu musu ba, amma sun ji abin da Ta Kona ta ji, da kunnensu. Sai kowace ta riƙa sa ƙwaya uku a rami maimakon tsunkule guda, sauran tana zurarawa cikin ƙullin da ta ɗaura a ƙugu. Fiye da rabin irin garin ya koma gida a ƙarƙashin zane, mazan na gaba suna ta sara suna waƙa.

Sai wani tsoho ya fashe da dariya, dariyar ta koma kuka, sai ga gindin gawo ya kaure da kabbara. Ni kaina na yi kuka, ban kuma ɓoye ba. Ishaƙu ya taso ya durƙusa gaban tulun. Ta Kona ta miƙa masa dutse ta ce, "Fasa, Auta. Kai ne mai gida." Ya karɓa ya fasa lakar. Gidajen da ba su da ko ƙwaya aka ɗibar musu daga tulun, ƙoƙo-ƙoƙo, har aka zagaye kowa. Kafin rana ta take tsaka ba namiji ko ɗaya a cikin gari. Na rufe lakwal na ari sungumi, na yi sara har tafin hannuna ya yi kanta.

Kwana biyar ruwa ya dawo. Bayan kwana huɗu ya sake dawowa. Daga nan bai ƙara yi mana rowa ba har kaka, aka ɗaure dammunan da aka manta rabon da a ga irinsu. Ta Kona ta rayu shekara goma sha huɗu bayan haka, ta ga dawowar ɗanta da auren jikokinta, kuma har yau a ƙauyukan wajen akwai hatsin da ake kira ɗan Ta Kona.

Amma tun ran da ruwa ya fara dawowa bayan shukar nan ta hana ni sakat. Ta ce in nemo mata amalanke, za ta kasuwar Mayahi, ta ji an ce mai ɗaukar murya zai zo. Na ce mata ta huta, aikinta ya ƙare, in gaisuwa ce sai in rubuta mata wasiƙa.

Ta ce, "Wasiƙa kwana goma sha. Mushe, kana tsammanin mu ne ƙarshen duniya? Akwai mutane arewa da mu, su ma da tulunsu."

Muka tafi. Ta yi layi cikin rana a bayan samari da dillalan awaki, matar da ko a taron suna ba ta ɗaga murya. Bayan kwana biyu da la'asar tsakar gidanta ta cika maƙil, mata a tabarma, maza tsaitsaye har zaure. Ta dubi inuwar rumbu, ta murɗa. Mutum uku suka yi gaisuwarsu suka wuce, sai muka ji muryarta ta fito ta baki biyu, a tsaye, ba rawa:

"Ni ce Ta Kona, daga Gidan Amani ƙasar Sarkin Hausa. Ina gaida yaron nan da ke Kano, ya san kanshi, ɗiyanshi suna lahiya. Ina gaida mutanen arewa, waɗanda na sani da waɗanda ban sani ba. Ruwa ya yi muna sau biyu, hatsi ya tsiro ya tsaya. Wanda duk ya ɓoye iri, ya yi haƙurin yunwa bai ci ba, to ya hiddo shi. Ruwa yana bisa hanya, ya kusa gare ku."